Bushiyar Dawa a Cikin Keji

Bushiyar da yaran Dosara da Talata Mafara ke tsinta a gindin rumbu da daddare, ta dunƙule da zarar an taɓa ta, ita ce kakar wadda Amurkawa ke kiwo a keji yau. Daga Afirka aka riƙa kai musu ita, har gwamnatinsu ta hana shigo da ita a 1991 don gudun ciwon baki da kofato da ke kashe wa makiyaya kasuwa. Tun daga nan masu kiwo suka dogara ga waɗanda ke hannu, suna haɗa dangi da dangi.

A ganina, ƙazuwa da makero da ɓawon kunne da ke damun ta can sun samo asali daga wannan tarihi. Za a ce ai ta dawa ma tana ɗauke da ƙwayoyin cututtukan nan a jikinta. Haka ne, amma ita tana yawon dare mai nisa, tana sauya makwanci, ga zafin ƙasarmu. Ta keji kuwa kullum tana kan shimfiɗa ɗaya, har ƙayoyinta su fara zuba. Makeron yakan kama mai riƙon ta ma, don haka a wanke hannu bayan an taɓa ta.