Tsakanin Makoki da Rabon Gado: Nazari a kan Jimami da Saɓani a Gidan Bahaushe Bayan Rasuwar Mahaifi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da iyali kan shiga bayan rasuwar mahaifi a ƙasar Hausa, ta fuskar fiƙihun Malikiyya, da al'ada, da binciken masana zamantakewa. Abin da ta tsayar shi ne, shari'a da al'ada sun yi wa baƙin ciki iyaka da wa'adi da mataimaka, amma tazarar da ke tsakanin tashin makoki da rabon gado an bar ta babu mai tsaro, kuma a cikinta ne galibin husuma ke tsira.

Gabatarwa

Idan aka ce bango ya faɗi a wani gida, ba ana nufin an rasa mai ciyarwa kaɗai ba ne, domin maigida, musamman mai mata fiye da ɗaya, shi ne alƙalin ɗakuna, shi ne ma'ajin sirrin dukiya, kuma kwarjininsa ne ke danne 'yan ubanci har a zaci babu shi. Saboda haka mutuwarsa kan buɗe ƙofofi biyu lokaci guda, ta jimami da ta hisabi.

Tanadin jimami

Jimami dai an yi masa shiri cikakke. Ana gaggauta wanka da likkafani da salla da binnewa, sau da yawa a yinin da aka cika, sa'an nan a zauna makoki, maza a ƙofar gida, mata a ciki, jama'a na kwararowa da "Allah ya ji ƙansa" da "ya ƙarin haƙuri", har mai rashi ya ga cewa ba a bar shi da musibarsa shi kaɗai ba. Sunna ta ƙayyade zaman baƙin ciki da kwana 3, in ban da matar mamaci, wadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa takaba ta wata 4 da kwana 10, mai juna biyu kuwa takabarta zuwa haihuwa ce. Kai abinci gidan rasuwa kuwa asalinsa umurnin Manzon Allah (SAW) ne game da iyalin Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira.

Ko a nan akan sami saɓani, domin tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suka zama abin jayayya a cikin gida ɗaya, wani ɗa yana ganinsu haƙƙin mahaifi, wani yana ganinsu bidi'a. Sai dai wannan jayayya tana da ranar ƙarewa.

Inda husuma ke tsira

Rabon gado a kan kansa ba shi da duhu, domin ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanke farillai, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta jera su: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta haura sulusi ba kuma ba magaji aka yi wa ba, sa'an nan a raba saura. Amma adalcin lissafi daban, yadda zuciya ke karɓarsa daban. A ƙaddara mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata 2, uwargida da 'ya'ya maza 3, amarya da 'ya mace 1. Za a kasa dukiyar kashi 8, matan su raba kashi 1 na tumunin takaba, kowane namiji ya ɗauki 2, macen ta ɗauki 1. Shari'a mutum-mutum take ƙirgawa, amma gidan kishiyoyi ɗaki-ɗaki yake ƙirgawa, sai a wayi gari ana cewa ɗakin uwargida ya kwashe shida da rabi, na amarya ya tashi da ɗaya da rabi, alhali ba a zalunci kowa ba.

Mafi tsanani daga wannan shi ne tantance abin da mamaci ya bari. Ɗa ya gina ɗaki a filin mahaifinsa da guminsa. Wata ta ce an ba ta gona kyauta, alhali a mazhabar Malik kyauta ba ta tabbata idan mai bayarwa ya mutu kafin a karɓe ta a hannu. Babban ɗa ya shekara da shekaru yana juya shagon uba babu rubutu babu shaida. Binciken M. G. Smith a ƙasar Zazzau, wanda ya fito a 1955, da na Polly Hill a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1972, sun bayyana yadda gandu ke ɗaure ƙarfin 'ya'ya a gonar uba, kuma Hill ta lura cewa gandun 'yan'uwa ba ya cika daɗewa bayan uban ya kau. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gandu, da ya ga an daidaita rabonsa da na ƙanen da ya tashi a birni, yakan ji an ci amanarsa, ko da kuwa nassi bai ba shi fifiko ba.

Bisa ga wannan duka sai kunya ta zo ta rufe bakin kowa. Wanda ya fara ta da maganar rabo akan ce da shi, "tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?", sai a yi shiru, shiru ya zama shekaru, shaidu su mutu, wani magaji ya bi mahaifinsa kafin a raba, mas'alar ta koma abin da malaman fara'ili ke kira munasaha, wato gado a kan gado, magada goma su zama hamsin a kan gida ɗaya. Waɗanda jinkirin ya fi cuta su ne zawarawa da 'ya'ya mata da marayu ƙanana, domin wanda dukiya ke hannunsa ba ya gaggawa.

Hanyoyin da iyali ke bi

Iyalan da suka tsira da zumuncinsu galibi sukan kira malami masanin fara'ili tare da baffa ko wani dattijo da kowane ɗaki ya yarda da shi, a ƙididdige dukiya a gaban kowa, a yi wa gida da gona ƙima, mai son zama ya fanshi rabon 'yan'uwansa. Mata sukan yafe rabonsu na gona ga 'yan'uwansu maza, wanda halal ne idan da yardar rai aka yi bayan mace ta san iyakar haƙƙinta, haram ne idan kunya ce ta tilasta ta. Jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa, wanda baffanninsa ke shamakance shi daga gado, wasiyyar kaka ce mafitarsa, kuma Masar ta mai da irin wannan wasiyya wajibi a dokarta ta 1946. Idan sulhu ya faskara sai a je gaban alƙali, ko da yake hukunci kan raba dukiya ne, ba ya mai da gaisuwa tsakanin waɗanda suka yi shari'a da juna.

Kammalawa

Abin da nazarin ya nuna shi ne, maganin husumar magada yana hannun ɓangare biyu: mahaifi tun yana raye, ya rubuta basussukansa, ya miƙa kyautarsa a gaban shaidu, ya daidaita tsakanin 'ya'yansa, da kuma dattijan dangi, su ɗauke wa 'ya'ya nauyin fara magana, su sanya wa ƙididdigar dukiya rana sananna kamar yadda makoki ke da tasa, domin kada neman haƙƙi ya zama abin kunya ga mai rauni.