Peugeot a kan hanyar Gidan Rumji zuwa Gazawa

Babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa ta daɗe tana cin motocin Peugeot. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. Da masana'antar Kaduna ta soma harhaɗa Peugeot a 1975, kayan gyara suka yi ta kwararowa ta Katsina da Jibiya.

A lokacin, akori-kurar Peugeot ce ta fi amfani ranar kasuwa. Ana loda mata buhunan gero da gyaɗa har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, fasinjoji bisa kaya, yaron mota na maƙale a baya. Injinta ba shi da wuyar sha'ani, bakanike na warware shi a gindin bishiya.

Daga baya Toyota na hannu, masu shigowa ta Kwatano, suka ƙwace kasuwar. A Amurka an farfaɗo da tsofaffin motoci masu ƙarfin inji, irin su Dodge Challenger a 2008, don marmari. A nan kuwa tsohuwar mota na tashi ne don neman abinci. A 2022 kamfanin Ɗangote ya soma harhaɗa sababbin Peugeot a Kaduna, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin direban ƙauye.