Rage ƙiba bayan haihuwa ga mai shayarwa

Mace kan sauke kimanin kilo 5 zuwa 6 a ranar haihuwa, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwa. Sauran kitsen tanadi ne da jiki ya yi domin nono, kuma shayarwa kaɗai tana cin kusan kalori 500 a kullum. Shi ya sa likitoci ke cewa maijego ta bari sai bayan arba'in, sannan kada ramar ta wuce rabin kilo a mako.

A Bogo da sauran garuruwan Diamaré, abin ragewa shi ne sukarin da ake zubawa a shayi da kunun gyaɗa, da soye-soye. Tuwon dawa, wake, kifi, nono da miyar yakuwa ko zogale su tsaya yadda suke. Zama da yunwa kan rage ruwan nono, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6. Shayin rage tumbi na kasuwa kuwa, ba na mai shayarwa ba ne.

Kumburin ƙafa tare da haki bayan haihuwa ba ƙiba ba ne. Yana iya zama ciwon zuciya, wanda binciken likitoci a Zariya ya danganta da yawan shan kunun kanwa. Wannan sai asibiti, ba jinkiri.