Sharaɗin Samun Kuɗi Ga Mai Son Ɗaukar Matarsa Zuwa Ƙasar Waje

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, musamman bayan ya iso Wad Madani a Disamba 2023 ya kuma shigo jihar Sinnar a tsakiyar 2024, iyalai da yawa na Suki da Mai Wurno da ƙauyukanmu na bakin Kogin Nilu sun warwatsu. Samarinmu da ke aiki a Saudiyya da Daular Larabawa da Ingila da Amurka suna neman yadda za su ɗauke matansu, wasu kuma ana ɗaura musu aure a gida alhali suna can. Tambayar da ta fi yawan zuwa mana ita ce: nawa ake bukata miji ya riƙa samu kafin a yarda matarsa ta bi shi?

Ma'anar sharaɗin

Yawancin ƙasashe ba sa ba matar baƙo ko matar ɗan ƙasa izinin zama sai mijin ya nuna da takardu cewa zai iya riƙe ta ba tare da ta dogara ga baitulmalin gwamnati ba. Wannan ma'auni dabam yake da nafaƙar da shari'a ta ɗora wa miji. A shari'a, ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna bin ƙarfin miji da al'adar wuri, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Ofishin shige da fice kuwa adadi ɗaya ya yanka wa kowa. Mutum zai iya zama mai iya riƙon mata a shari'ance amma ya gaza a ma'aunin hukuma, kuma aurensa yana nan ingantacce, sai dai matar ba za ta samu biza ba.

Ingila

An kafa sharaɗin a Yuli 2012 a kan fam 18,600 a shekara, aka ɗaga shi zuwa fam 29,000 daga 11 ga Afrilu 2024. Ana lissafa albashi ne kafin a cire haraji, wato kimanin fam 2,417 a wata. Hanya mafi sauƙi ita ce miji ya yi wata shida a wurin aiki ɗaya a kan wannan albashi, ya kawo takardun albashi na wata shida, da bayanan banki da suka dace da su, da wasiƙar wurin aikinsa. Abin da matar ke samu a ƙasar waje ba ya shiga lissafi a neman farko.

Wanda albashinsa bai kai ba zai iya cikawa da ajiya. Ana ɗaukar giɓin a ninka shi sau biyu da rabi, a ƙara fam 16,000. Misali, mai samun fam 25,000 giɓinsa 4,000 ne, ninkinsa 10,000, don haka yana bukatar ajiyar fam 26,000. Wanda zai dogara ga ajiya kaɗai sai ya nuna fam 88,500. Dole kuɗin ya yi wata shida a asusun mijin ko na matar, a kuma bayyana inda ya fito. Kyauta tana shiga, bashi ba ya shiga. Mijin da ke karɓar wasu kuɗaɗen tallafin nakasa ko na jinyar wani ba a ɗora masa wannan adadi, ana duba isasshen abin riƙo ne kawai.

Bizar farko ta wata 33 ce, kuma ana sake nuna samun kuɗin lokacin sabuntawa. A Satumba 2025 gwamnatin Ingila ta dakatar da hanyar musamman da 'yan gudun hijira ke bi su kawo iyalansu ba tare da sharaɗin kuɗi ba, don haka wannan lissafi ya shafe su su ma.

Amurka

A nan miji yana cika takarda mai lamba I-864, wadda alkawari ne tsakaninsa da gwamnati. Ana bukatar abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da ake sabuntawa duk shekara. A 2025, a yawancin jihohi, adadin ya kasance dala 26,437 ga gida mai mutum biyu, kuma kowane ƙarin mutum yana ƙara dala 6,875. Idan bai kai ba, an yarda wani ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin ya tsaya masa a matsayin mai lamuni na biyu.

Muna jan hankalin masu tsayawa wasu: wannan alkawari saki ba ya warware shi. Yana nan har matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta yi aikin da ya kai kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. Lamuni amana ne, kada a sa hannu don kunya. Sannan a Yuni 2025 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da ta taƙaita wa mutanensu shiga, saboda haka cika sharaɗin kuɗi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Ofishin jakadancinta na Khartoum a rufe yake tun Afrilu 2023, kuma an mayar da bizar ƙaura ta 'yan Sudan Alƙahira.

Ƙasashen Larabawa da Kanada

A Daular Larabawa ana bukatar albashin dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 tare da masauki. A Saudiyya sana'ar da aka rubuta a iƙama tana da tasiri, domin masu aikin gida da direbobin gida ba sa samun izinin kawo iyali. Akwai kuma harajin kowane ɗan iyali da aka fara a Yuli 2017 da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020. Mata da 'ya'ya biyu ke nan riyal 14,400 a shekara, banda haya da abinci. Kanada ba ta yanka mafi ƙarancin albashi ga mai kawo matarsa a galibin lokuta, amma tana ɗaukar alkawarin riƙonta na shekara uku.

Takardun aure

Kuɗi ba ya amfani idan aure bai tabbata a takarda ba. A karɓi ƙasima daga hannun ma'azun, a kai ta a tabbatar a kotu da Ma'aikatar Harkokin Waje, a fassara ta. A tabbata sunan amarya da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a ƙasima da lambar ɗan ƙasa da fasfo, domin sunayenmu na Hausa sukan sauya sura idan aka rubuta su da Larabci sannan da boko. Auren da aka ɗaura ta hanyar wakili alhali ango ba ya nan, Amurka ba ta lissafa shi sai ma'auratan sun tare bayan ɗaurin. Ingila tana sharaɗin kowannensu ya kai shekara 18, kuma ita da Amurka ba sa ba mata ta biyu biza a kan aure.

Abin da ya haramta

Akwai dillalai masu sayar da takardun albashi na ƙarya, da masu zuba kuɗi a asusun mutum na 'yan kwanaki a kan ruwa. Na farko shaidar zur ce, na biyu riba ce haɗe da yaudara. Idan aka gano, Ingila tana iya hana mai nema shiga har shekara goma, Amurka kuwa tana iya hana shi har abada. Sunan matar ne ke kan takardar, don haka ita ce ke ɗaukar hukuncin laifin da ba ita ta shirya ba.

Nasiha ga waliyyai da angwaye

Kafin a sa rana, waliyyi ya tambayi mai neman aure: wace irin takardar zama gare shi, nawa yake samu, kuma ƙasar da yake nawa take bukata? Wannan ba kwaɗayi ba ne, kare haƙƙin yarinya ne. Idan tafiyar za ta ɗauki shekaru, a faɗa mata gaskiya tun farko, a yi yarjejeniya kan inda za ta zauna da abin da za a riƙa aiko mata, domin nafaƙarta tana kan miji ko tana Suki ko tana Landan. Mazhabar Malikiyya da dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 duk sun ba mace damar kai ƙara gaban alƙali saboda rashin ciyarwa ko doguwar rashin miji.

Waɗannan adadai suna sauyawa, don haka a duba shafin gwamnatin ƙasar da abin ya shafa a ranar da za a cika takarda, ko a tuntuɓi lauya mai rajista. Wanda bai kai ba ya ƙara aiki, ya tara halal, ya yi haƙuri.

Allah Ya haɗa iyalan da suka rabu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Allah ne Mafi sani.