Bayani: Yadda ake kare dashe daga ɗarin hunturu a rumfar leda

A unguwanni masu cunkoso irin su Unguwar Sanusi da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, inda fili ya yi ƙaranci, renon irin tumatir da tattasai da attaruhu a ƙaramar rumfar leda sana'a ce da matashi zai iya farawa a tsakar gida. Sai dai lokacin renon irin noman rani yakan haɗu da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma dashen da ya tsumbure tun yana ƙarami asarar jari ce.

Mene ne haɗarin?

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kaduna. Abin da ke cutar da dashe shi ne ɗarin asuba da busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke tasowa daga Sahara. Tumatir ya fi son zafin digiri 20 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya sauko kusa da digiri 10, girmansa yakan tsaya. Tattasai da attaruhu sun fi shi rauni, domin irinsu yakan yi jinkirin tsirowa a ƙasa mai sanyi.

Rumfar leda ba ta samar da zafi da kanta. Na rana take tarawa, kuma leda mai falle ɗaya takan sake shi da daddare. Don haka aikin mai reno shi ne riƙe ɗumin da rana ta bari.

Matakan kariya

Ana rufe rumfa tun da la'asar, kafin ɗumin ya tsere, a toshe kowace kafa. A waje, ana kafa zana ta ɓangaren da iska ke kaɗowa.

A ciki, ana lulluɓe dashen da buhu ko yadi mara nauyi a kan ƙananan sanduna, ta yadda ba zai taɓa ganye ba, a yaye shi da hantsi.

Baƙaƙen jarkoki cike da ruwa, idan aka jera su kusa da dashe, sukan sha zafin rana su riƙa sakinsa har asuba. Shimfiɗa ciyawa ko ɓuntun shinkafa kuwa yana riƙe laimar ƙasa.

Ban ruwa da hantsi ya fi, ba da magariba ba. Ƙasa mai sanyi da ta kwana a jiƙe tana jawo ciwon da ke ruɓar da gindin tsiro.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne barin rumfa a rufe da tsakar rana. Ko cikin hunturu, zafin ciki yana iya ƙona dashe, don haka wajibi ne a buɗe gefe. Na biyu shi ne barin ƙurar hazo a kan leda, wadda ke tare haske. Na uku, kuma mafi muni, shi ne kunna gawayi a rufaffiyar rumfa: hayaƙinsa yana lalata tsiro, yana kuma iya kashe mutum.

Kwanaki kaɗan kafin a cire dashe zuwa gona, ana rage ruwa, a riƙa sabar masa da iskar waje.

Me ya sa batun ya wuce tsakar gida?

A shekarar 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, bayan tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Rumfar da aka rufe kafofinta da raga tana rage shigar wannan ƙwaro tun daga wurin reno.

Jihar tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar NAERLS, dukansu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Isar da iliminsu ga ƙananan masu reno aikin malaman gona ne, kuma masu zaɓe suna da haƙƙin tambayar nawa kasafin jiha ya ware musu.