Bashin Asibiti a Cikin Diyyar Rauni: Wa Ake Fara Biya?

Diyyar rauni ita ce kuɗin da ake bai wa wanda aka jikkata, ko ta hanyar sulhu ko da hukuncin kotu. Ba kasafai take shiga aljihunsa gaba ɗaya ba, domin kafin ta fito an riga an ci bashin jinya. Ɗan kasuwar da mota ta buge a hanyar kasuwar Sara, aka kai shi asibitin Gwaram, daga can aka tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, yana iya tashi da mabiya bashi uku: asibiti, ɗan'uwan da ya ranta masa kuɗin tiyata, da lauya idan ya ɗauka.

A Amurka, dokokin jihohi da dama sun bai wa asibiti ikon cire haƙƙinsa daga diyyar tun kafin ta isa hannun mai ita. A Jigawa kuwa, lamarin ya fi rataya a kan abin da aka rubuta ranar sulhu. Bashin yana wuyan majiyyaci ko wanda ya tsaya masa, ko da direba ya yi alkawarin biya a gaban dattawa.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, tare da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sai dai dokar ba ta yafe kuɗin maganin ba. Asibiti yana da damar bin haƙƙinsa a kotu, amma tsare wanda aka sallama saboda bashi ya ci karo da 'yancin walwala da ke sashe na 35 na tsarin mulkin 1999.

A kotun shari'ar Musulunci, wadda ke bin mazhabar Malikiyya, ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, domin a lokacin ne ake sanin iyakar illarsa. Wasu gaɓoɓin suna da ƙayyadadden kaso: hannu ɗaya rabin cikakkiyar diyya, yatsa ɗaya kashi ɗaya cikin goma, haƙori raƙuma biyar daga cikin ɗari. Wanda ba shi da kaso, alƙali ne ke ƙiyasta shi. Ladan mai magani kuwa, malamai sun yi saɓani a kan ko ana ɗora shi wa wanda ya ji raunin. Don haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa kalmar diyya ta haɗa da kuɗin asibiti.

Babbar kotun jiha ta fi tsanani a nan. Kuɗin jinya dole a zayyana su dalla-dalla a takardar ƙara, a kuma tabbatar da su da hujja. Rasit ɗin kantin magani da mai jinya ya yar a bakin ƙofa kuɗi ne aka zubar.

Akwai kuma inshorar mota ta dole, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023. Iyakar naira miliyan 3 da ake yawan ambata ta ɓarnar dukiya ce, ba ta raunin jiki ba. Idan direba yana da takarda ta gaskiya, a sanar da kamfanin kafin a sasanta, domin sulhun da aka yi ba da saninsa ba yana iya ba shi hujjar janye jiki.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne gaggawa. Dangi sukan karɓi dunƙulen kuɗi majiyyaci yana kwance, su ce an yafe saura, daga baya likita ya ce sai an sake aiki a ƙafar. Takardar sulhu mai kyau tana raba kuɗin da aka riga aka kashe, da na jinyar da ta rage, da diyyar kanta, ta ambaci sunan duk wanda ya ba da rance da adadinsa, sannan shaidu biyu su sa hannu.