Barkonon da Ya Je Goa a Matsayin Baƙo

A Goa, wata ƙaramar jiha da ke gaɓar tekun yammacin Indiya, abincin rana a gidaje da yawa shi ne shinkafa da miyar kifi mai kwakwa. Idan muka tambayi mai girkin, cewa za ta yi haka ta taras kakarta na yi. Gaskiyarta. Sai dai barkonon da ke sa miyar nan ja, kimanin shekara 500 ke nan kacal da zuwansa ƙasar.

Kafin nan, masoro ne ke ba miyar yankin yaji, kuma shi ne ya jawo Turawa. Vasco da Gama ya sauka kusa da Kalikut a 1498 yana neman inda ake noma shi. A 1510 Afonso de Albuquerque ya ƙwace Goa daga hannun Sarkin Bijapur, 'yan Fotugal kuma ba su bar wurin ba sai 1961. Jiragensu ne suka kawo barkono daga nahiyar Amurka. Sun zo ɗiban yaji mai tsada, suka bar wa talaka mai araha, wanda zai iya shukawa a bayan ɗaki. Ba a jima ba barkono ya mamaye tukunya.

Yadda ake girkin kuwa ba wuya. Ana kankare ɗanyar kwakwa, a niƙa ta da busasshen barkono da kurkum da tafarnuwa da tsamiya har ta yi laushi. A da kan dutse, yanzu galibi da inji. A zuba ruwa a tafasa, sannan a saka kifi daga ƙarshe, don 'yan mintuna sun ishe shi. Gwanaye ba sa yawan sa ludayi bayan haka, girgiza tukunyar suke yi don kada kifin ya dagargaje. Wasu gidajen kan sa busasshen ɓawon wani ɗan itace mai suna kokum a madadin tsamiya.

Tsamiyar nan fa tamu ce. Asalinta Afirka ne, amma ta daɗe a Indiya har Larabawa suka ɗauka 'yar can ce, suka sa mata suna tamar hindi, wato dabinon Indiya.

Sunan kori ma Turawa ne suka yaɗa shi. Daga kalmar Tamil ta kari suka samo shi, suka laƙaba wa kusan kowace miyar Indiya. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 an fara sayar da haɗaɗɗen garinsa a Landan, don waɗanda suka dawo daga Indiya suna kewar abincin can. Jikan wannan garin ne muke barbaɗawa a dafa-duka da soyayyiyar shinkafa. Yana da amfaninsa, amma a ganinmu wanda ya zuba shi a wannan miyar ya dafa wani abu ne daban. Kwakwa da tsamiya da barkono duk suna nan a kasuwanninmu, gara mu niƙa da kanmu.

Idan miyar ta yi saura, mutanen Goa ba sa zubarwa. Suna mayar da ita kan wuta ta yi kauri, washegari a karya kumallo da ita da burodi. Har suna gare ta, kalchi kodi, wato miyar jiya.